Bishiyar Kirsimeti da Gawon Gonakin Ajingi

Da zarar an kammala kaka a ƙasar Ajingi, gero da dawa sun shiga rumbu, an ɗaure harawar wake an ɗora a kan rassa, sai samari su fara haɗa jaka. Daga Toranke da Balare, daga Gafasa da Kunkurawa da Unguwar Bai ake fita ci-rani, wasu Kano, wasu Abuja, wasu har Legas da Fatakwal. Tafiyar takan faɗo cikin watan Disamba. Don haka abin da ke fara tarar baƙo a ƙofar banki ko otal ko babban kanti shi ne wata koriyar bishiya mai faɗin gindi da tsinin kai, an naɗe ta da ƙananan fitilu masu walƙiya, an rataya mata ƙwallaye masu ƙyalli, an ɗora mata tauraro a ka. In ya kai hannu ya taɓa ganyen sai ya ji roba ce. In ya tambaya, a ce masa bishiyar Kirsimeti ke nan, daga nan magana ta ƙare.

Da yawanmu, Musulmi da Kirista, mun ɗauka wannan bishiya tana da tushe a cikin Linjila. Ba ta da shi. Littattafan Matiyu da Luka, waɗanda suka kawo labarin haihuwar Annabi Isa (AS), ba su ambaci wata bishiya da aka ƙawata ba, ba su ma faɗi ranar haihuwar ba. Shaidar farko ta yin bikin a ranar 25 ga Disamba daga birnin Rum ta fito, a shekarar 336. A wajen Musulmi kuwa, bishiyar da Alƙur'ani ya haɗa da wannan haihuwa a cikin Suratu Maryam dabino ce. Ita wannan mai tsinin kai 'yar dazuzzukan Jamus ce, kuma sai da aka shafe kusan shekara 1500 da haihuwar Almasihu kafin a fara jin ɗuriyarta a rubuce.

Kafin a gane dalilinta sai an san hunturun ƙasar da ta fito. A tsakiyar Turai da arewacinta, Disamba wata ne na duhu. Rana takan fito a makare ta faɗi da wuri, dusar ƙanƙara ta rufe gonaki, itatuwa su zubar da ganye su tsaya tsirara. Tsiraru ne kawai ke riƙe korensu, irin itacen fir da danginsa masu ganye siriri kamar allura. Mutumin da ya shekara yana noma, ya wayi gari duniya ta yi fari fat babu ko ɗigon kore, in ya hangi wannan itace a tsaye shar, dole zuciyarsa ta karkata gare shi. Tun kafin Kiristanci Rumawa kan yi wa gidaje ado da ɗanyun rassa lokacin bikinsu na Saturnaliya, wanda ke farawa 17 ga Disamba. Sai dai babu wata igiya da masana tarihi suka iya bi daga wancan biki har zuwa bishiyar yau. Abin da ya haɗa su kawai shi ne begen ɗan Adam ga ɗanyen ganye a lokacin da komai ya bushe.

Inda sawu ya fito fili shi ne yankin Alsas, a gaɓar kogin Rhine, wanda yanzu yake cikin Faransa amma a wancan zamani Jamusanci ake yi. A garin Sélestat har yau ana ajiye da littafin kuɗin gari mai ɗauke da rubutun ranar 21 ga Disamba, 1521, inda aka biya masu gadin daji sule huɗu don su tsare itatuwa a kwanakin da ke gaban biki. Wannan ɗan rubutu ya fi dogon bayani amfani. Ba a ɗaukar mai gadi sai in sara ya yi yawa. Ke nan tun a lokacin mutane sun riga sun saba shiga daji su saro itace su kai gida, har hukuma ta fara jin tsoron kada dajin ya ƙare. A shekarar 1605 kuma wani marubuci ya bayyana abin da ya gani a ɗakunan mutanen Strasbourg: itacen fir a tsaye, an rataya masa furannin takarda masu launi, da tuffa, da siraran waina, da kayan zaƙi. Biranen Tallinn da Riga a gaɓar tekun Baltik su ma suna da'awar su ne farko, ɗaya na cewa 1441, ɗaya 1510, bisa al'adar wata ƙungiyar 'yan kasuwa da kan kafa itace a dandali su yi rawa a kewaye da shi.

Tuffar nan da ake ratayawa tana da dalili. A Turai ta wancan lokaci, ranar 24 ga Disamba rana ce ta tunawa da Adamu da Hauwa'u, kuma akan yi wasan kwaikwayo a ƙofar coci don nuna wa waɗanda ba su iya karatu ba labarin fitarsu daga Aljanna. Wasan yana bukatar bishiya, kuma a tsakiyar hunturu babu mai ganye sai fir, sai a rataya masa tuffa ya tsaya a matsayin bishiyar da aka hana. Daga dandalin wasa ta shiga zaurukan masu sana'a, daga nan ta shiga ɗaki. Ƙwallayen gilashi da ake gani yau magadan waccan tuffa ne. Masu hura gilashi na garin Lauscha a Jamus ne suka shahara da ƙera su tun tsakiyar ƙarni na 19.

Malaman coci ba duka suka yi maraba da ita ba. A shekarun 1640 wani babban mai wa'azi a Strasbourg, Johann Conrad Dannhauer, ya soki al'adar, yana ganin wasan yara ne da ke ɗauke hankalin mutane daga ibada. Katolika sun daɗe suna kallonta a matsayin abin 'yan Furotesta, har ta kai sai a 1982, zamanin Fafaroma John Paul na Biyu, aka fara kafa ta a dandalin Saint Peter da ke Batikan. Labarin da ake yawan bayarwa cewa Martin Luther ne ya fara liƙa mata kyandir ba shi da madogara a rubuce-rubucen zamaninsa.

Akwai wani tsohon labari kuma da zai yi wa Bakano kama da na gida. Wajen shekarar 723, wani mai wa'azin Kirista daga Ingila mai suna Boniface ya isa yankin Hesse na Jamus ya tarar da mutane suna girmama wani ƙaton itacen oak da suka danganta da abin bautarsu Donar. Ya sa gatari ya sare shi a gaban idonsu, aka yi ɗakin ibada da katakonsa. Ƙarnuka da yawa bayan haka ne masu ba da labari suka ƙara cewa wai ya nuna musu wani ɗan itacen fir ya ce su riƙe shi a madadinsa. Asalin labarin na saran bishiya ne. To, littafin Tarihin Kano ya kawo kwatankwacinsa. A zamanin Barbushe, mutanen Dala suna da bishiyar tsafi da aka kewaye da katanga, mazaunin Tsumburbura, babu mai shiga sai shi. Sarakuna sun daɗe suna fafatawa da masu wannan tsafi. Da Wangarawa suka zo zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, aka kafa masallaci a gindin bishiyar. A zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka sare ta aka gina hasumiya a gurbinta. 

Na kawo wannan ne don a ga cewa addinan biyu, kowanne a ƙasarsa, sun yaƙi bautar itace. Kiristan da ya kafa bishiya a falonsa ba bauta mata yake yi ba, ado ne na biki da kakannin wasu suka ƙirƙiro saboda yanayin ƙasarsu. Musulmin da ya ƙi kafa ta shi ma yana kan hujjarsa, domin bikin ba nasa ba ne. Sanin asalin abu yakan rage zargi tsakanin maƙwabta, kuma a jiha irin Kano wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Abin da ya fitar da ita daga Jamus zuwa duniya gidan sarauta ne da jarida. Sarauniya Charlotte, Bajamushiya matar Sarki George na Uku, ta kafa wa yara bishiya a Windsor a 1800. Amma hoton da jaridar Illustrated London News ta buga a 1848, na Sarauniya Victoria da mijinta Albert, shi ma Bajamushe, da 'ya'yansu a kewaye da bishiya mai kyandir, shi ne ya sa duk mai hali a Ingila ya ce sai ya yi. Bayan shekara biyu wata mujallar mata a Amurka ta sake buga hoton, ta cire kambin sarauniya don ya yi kama da iyalin Amurkawa. A 1882 Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya naɗa wa tasa ƙwan lantarki 80 a New York, aka fara rabuwa da kyandir da gobarar da yake jawowa. Tun 1947 birnin Oslo na Norway ke aika wa Landan ƙatuwar bishiya duk shekara, godiya ga taimakon da Birtaniya ta yi musu a Yaƙin Duniya na Biyu. Tarayyar Sobiyet, da ta hana bikin addini, ta dawo da bishiyar a 1935 a matsayin ta sabuwar shekara, kuma da wannan suna ta zauna a Rasha har yau.

Zuwanta ƙasar Hausa ya biyo hanyar dogo ne fiye da hanyar wa'azi. Tawagar Bishop Tugwell ta kai Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ba su wurin zama ba. Likita Walter Miller ya zauna a Zariya daga 1905, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa a ƙarshen shekarun 1920. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari don ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma a can ne, da unguwannin Turawa, aka fara ganin Kirsimeti irin na birni. Hausawa Kiristoci na karkara, waɗanda da yawansu daga Maguzawa suka fito, a yankuna irin su Sumaila da Tudun Wada, nasu bikin bai taɓa rataya a kan bishiya ba. Sabon ɗinki ne, da shinkafa da nama, da waƙoƙi cikin Hausa a coci, da kai wa maƙwabta kwano, kamar yadda su ma ake kawo musu da Sallah. Bishiyar ta fi zama kayan kanti da ofis da gidan mai kuɗi. Wadda ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari a kwali take zuwa, gunduwa biyu ko uku da ake sarƙawa a juna, da ƙafar ƙarfe ko ta roba, ganyenta yankakkiyar leda ce a murɗe a jikin waya. Akasarinsu daga Sin ake shigo da su, inda birnin Yiwu ya zama babbar kasuwar kayan adon Kirsimeti ta duniya. Itacen fir na gaske ba zai jure zafinmu ba.

Sai dai abin da Bajamushe ya gani a jikin fir, wato itacen da ke kore lokacin da saura suka bushe, muna da shi a gonakin Ajingi da Gaya, kuma namu ya fi nasu aiki.

Duk wanda ya bi hanya daga Wudil zuwa Gaya ya wuce ƙauyukan Ajingi a watan Disamba ya san yadda ƙasa take. Hazo ya rufe sararin sama, gonaki sun koma jan rairayi da guntayen kara, kuka ta zubar da ganye ta bar rassa kamar saiwa. A tsakiyar wannan bushewa sai ka hangi gawo ya yi lif da ɗanyen ganye mai ruwan toka-toka. Halinsa ya saɓa wa na sauran itatuwa: da damina, lokacin da kowa ke tofo, shi yake zubar da ganye ya tsaya fari da ƙayarsa, ruwa na ɗaukewa sai ya fara fitar da sabo, ya yi fure, ya yi 'ya'ya. Saiwarsa na nitsawa can ƙasa ta sha ruwan da gero ba ya kaiwa.

Matsa kusa da gindinsa da hantsi ka ga abin da ke gudana. Awaki sun yi cirko-cirko suna jiran iska ta kaɗa, 'ya'yan nan masu lanƙwasa, ja-ja kamar ɓawon lemo, su faɗo su yi wawa. Yaro ya zo da doguwar gora yana kaɗo wasu yana tarawa a buhu, don ya kai wa ragon da ake kiwo a gida ko ya sayar ranar kasuwa. Shanun Fulani sun kwanta a inuwa suna tuƙa, suna zubar da kashi. Duk wannan taki a gonar yake zama. Idan damina ta kusa, ganyen ya zube ya ruɓe a wurin, ga shi kuma gawo yana cikin dangin itatuwan da saiwarsu ke ƙara wa ƙasa sinadarin da ake saye a buhun takin zamani. Da yake ba shi da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana. Shi ya sa geron gindin gawo yake fin na sauran gona tsayi da kaurin zangarniya, abin da manomi ya sani tun kafin masu bincike su zo su auna su tabbatar.

Magabata sun san darajarsa. An ruwaito cewa sarakunan Damagaram, musamman Tanimu a ƙarni na 19, sun kafa doka mai tsanani a kan saran gawo, kuma har yau ƙasar Matamaye da Magarya tana cikin wuraren da ya fi yawa. A nan gida, masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya shafe shekaru yana nazarin karkarar Kano, ya nuna cewa duk da cunkoson jama'a manoman yankin sun riƙe itatuwan gonakinsu, domin kowace bishiya tana da mai ita kuma tana da aikin da take yi masa.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne wannan riƙo yana sassautawa. Kuɗin gas da kalanzir sun fi ƙarfin talaka, birni na cin itace da gawayi ba dare ba rana, gidajen burodi na ƙona manyan gungume. Manomin da bashi ya kama, ko aurar da 'ya ya taso masa, in mai sayen itace ya taya tsohon gawon gonarsa, da wuya ya ƙi. Ba na ganin laifinsa kai tsaye. Yunwa ba ta jiran bishiya ta girma. Inda asarar ta fi muni shi ne wajen ƙananan. Lokacin sharar gona akan bi duk wani tsiro da ya fito a sare a tara a cinna wuta, garmar shanu da tarakta su tumɓuke saura, abin da ya tsira kuma awaki su cinye da rani. Sai ka ga gona da tsofaffin itatuwa biyu ko uku, babu matashi ko ɗaya da zai gaje su. Su kuwa Turawa, da suka ga saran fir zai cinye musu daji, noma shi suka koma yi. A Denmark gonaki guda ake shukawa, a yi renonsa shekara bakwai zuwa goma kafin a sare, a dasa wani a gurbinsa, alhali amfaninsa na 'yan makonni ne a falo.

Maganin kuma ba daga nesa zai zo ba, maƙwabtanmu na Maraɗi sun riga sun gwada. A farkon shekarun 1980, lokacin fari da yunwa, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa. Ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa duk shekara a gonaki toho ne daga kututturan itatuwa masu rai, da saiwarsu a ƙasa. Shi da manoman yankin suka fara zaɓar reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane kututture, a sassabe sauran, a bar waɗannan su tashi. Mutanen Nijar suka sa wa dabarar suna sassaben zamani. Ba ta bukatar gandun renon itace, ba ta bukatar ban-ruwa, wuƙa ko lauje kawai. Binciken da aka yi daga baya da hotunan tauraron ɗan Adam ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200, kuma gawo na kan gaba a cikinsu. Hausawa ne suka yi wannan aiki, a ƙasar da ta fi tamu ƙarancin ruwan sama.

Jihar Kano tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa a Nijeriya, kuma kusan duk damina akan yi bikin dashen itatuwa, a raba dogonyaro da turare a leda, a ɗauki hoto. Dogonyaro yana da amfaninsa a bakin hanya da harabar makaranta, amma ba ya zama lafiya da gero a tsakiyar gona. Da sashen gona na ƙananan hukumomin Ajingi da Gaya zai ware ko da kaɗan daga abin da ake kashewa a wannan biki ya kai manoma Maraɗi su gani da idonsu, da an fi cin riba. Masarautar Gaya, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, su ke da bakin da manomi zai saurara in aka ce kada a sare ɗanyen gawo sai da izini, kuma duk wanda ya sare ɗaya ya reni biyar. Limamai ma suna da abin faɗa a huɗuba, tunda hadisi ya inganta cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi.

Kai kuma ɗan'uwa manomi, da kai matashi da za ka dawo daga ci-rani kafin faɗuwar ruwa, idan kun shiga sharar gona bana ku duba ƙasa kafin ku ɗaga gatari. Duk tohon gawo da kuka tarar, ku rage masa rassa, ku kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ku bar shi ya tashi.